Daga sito zuwa robar awo: littafin lissafina a Agege

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Shekara tara ke nan ina aikin sito a wani kamfani a Ikeja, Legas. Ni ke karɓar kaya in ƙirga, ni ke sa hannu idan za a fitar. Abin da ke shigo min ƙarshen wata bayan an cire fansho da haraji N165,000 ne. Ranar da aka cire tallafin mai, 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai N200 ba. Ƙarshen bara har ta haura N1,000 a gidajen mai da yawa, kuma a tsakanin nan sau ɗaya tak aka taɓa albashina. Kuɗin mota daga Agege zuwa wurin aiki da dawowa yana cin kusan N38,000 a wata, abincin rana N18,000. Ga haya N450,000 a shekara, ga yara uku, biyu a makaranta. Daga 15 ga wata sai dabara.

Abin da nake son gwadawa shi ne sayar da busassun kayan Arewa daga gida: wake, gero, kuka, kuɓewa, daddawa, kayan yaji. Jarina N420,000, wato adashen da na kwasa a Disamba N300,000 da ɗan abin da na ɓoye. Bashin banki ba ya cikin lissafi. Ko ba don maganar kuɗin ruwa a addini ba, Babban Banki kansa ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 cikin ɗari, to ina ga wanda za a ɗora wa irina.

Na gindaya wa kaina sharaɗi kuma na rubuta shi a nan don kada in zame: ba zan ajiye aiki ba sai ribar kasuwa ta kai N110,000 wata uku a jere. Albashina ke nan idan aka cire mota da abincin rana.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na je kasuwar Mile 12 wurin Kawu. Ya fi shekara talatin yana dillancin albasa a can. Na same shi a kan benci yana sa a ware ruɓaɓɓu daga wani buhu, ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ɗana, kai ɗan albashi ne. Ka saba ranar 28 waya ta yi ƙara. Kasuwa ba ta san 28 ba, kuma ba ta san kana da zazzaɓi ba."

Na ce, "Kawu, ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Ya yi dariya ya ce gatarin ma sai wanda ya iya riƙe ƙota. Ya ja min kunne a kan abu biyu. Kada in kusanci kayan gwari, don tumatir da tattasai kwana biyu suke ba mutum, ni kuma ina sito daga safe zuwa magariba. Na biyu, kada in cusa kuɗin kasuwa da na cefane a aljihu ɗaya, ko maman yara za ta ɗebi wake ta dafa a rubuta. Da zan tafi ya ba ni lambar wani yaronsa a Dawanau da zai riƙa saya min yana ɗorawa a mota.

Asabar, 18 ga Janairu

Na tura kuɗi. Farin wake buhu biyu N208,000, gero buhu ɗaya N72,000, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da citta da kanumfari N60,000. Kuɗin mota zuwa Legas N30,000. Saura N50,000 a hannu.

Asabar, 25 ga Janairu

Kaya sun iso jiya da dare, kwana uku bayan ranar da aka ce min. Motar ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba. 'Yan dako, da Keke zuwa gida, da abin da samarin bakin tasha suka tsaya kai da fata sai an ba su kafin a fita da kaya, duka N9,500. Wannan ban sa shi a lissafin farko ba sam. Mun ɗora buhunan a kan katako a kusurwar falo, kujera ɗaya ta koma waje.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Satin farko ya koya min abin da shekara tara a sito ba su koya min ba. A sito kwali kwali ne, sha biyu sha biyu ce. A nan awo da kansa ciniki ne.

Ni da tiya na yi lissafi, tiya arba'in a buhu kamar yadda muka sani a gida. Legas kuwa da robar fenti ake awo, sai derika, gwangwanin tumatir ɗin nan babba. Na ɗauka zan fitar da roba talatin a buhu. Da muka juye na farko muka auna, ashirin da takwas ya bayar da ɗan guntu, bayan maman yara ta bushe ƙaiƙayi ta tsince tsakuwa kusan derika biyu. Sannan ga gyara. Matan Yarabawa makwabtanmu "jara" suke ce mata, kuma ba roƙo suke yi ba, haƙƙinsu suke karɓa. Wata ta tsaya a kaina tana nuna robar da yatsa sai na tula har yana zuba, ta kuma miƙo leda a ƙara tafi ɗaya. In ka hana, gobe ba ta dawowa. In ka saki hannu, roba guda ta tafi a buhu ba ka sani ba. Yanzu na ware ƙaramin kofi, shi ne gyara, kowa shi zai samu.

Babban kuskuren ma ba nan yake ba. Farin wake na sayo, mutanen nan kuwa ja suke so, wanda suke kira oloyin, mai zaƙi-zaƙin nan. Mace huɗu sun leƙa buhu sun juya. Da na tambayi ko da maman da ke sayar da burodi a ƙofar gidanmu kafin in tura kuɗi, da ta faɗa min kyauta. Hausawan unguwa ne kawai ke ɗibar farin, su ma derika derika.

Kuka da daddawa kuwa sun ba ni mamaki. Maman yara ta sa hoto a WhatsApp, matan Islamiyyarsu suka yi ta aike, har daga Idi-Araba wata ta turo yaro. Ƙaramin kuɗi ne amma ribarsa ta fi ta wake nesa ba kusa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba wani labari. Wake roba tara, gero roba shida. Na sayi sikeli N14,000 don ƙulla kuka da yaji daidai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na buɗe asusu daban na kasuwa a waya, kamar yadda Kawu ya ce. Kusan kowa tiransifa yake yi. Na lura da N50 ɗin da ake cirewa duk lokacin da N10,000 ko fiye ta shigo, wanda tun Disamba ya shafi irin su OPay da Moniepoint. Kaɗan ne, amma na buɗe masa layi a littafi. Jan wake buhu ɗaya ya iso, ya kusa rabi cikin kwana huɗu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

A makon nan Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta Janairu kashi 24.48 ce, alhali ta Disamba 34.80 ce. Sun sauya yadda suke lissafin ne. Wani abokin aikina ya ce to a kai wa mai gidan haya takardar ya gani.

Azumi saura kwana shida. Na ce gero zai yi tsada saboda kunu, don haka na lallaɓi maman yara ta ba ni adashenta N220,000 na sayo buhu uku a kan N70,000 kowanne. Ta ba ni, amma ta ce, "Malam, rance ne fa, ba kyauta ba. Ka rubuta a littafin nan naka." Na rubuta.

Ribar Fabrairu zuwa yau N41,000.

Lahadi, 9 ga Maris

An ɗauki azumi 1 ga wata, kuma gidanmu ya zama kasuwa. Farin waken da ya zame min ƙarfen ƙafa shi ne yanzu ake rububi, don kowa ƙosai da alala yake yi na buɗa-baki. Gero, tsamiya, citta, kanumfari, duk suna tafiya. Wata mai tuyar ƙosai kusa da masallacin unguwa tana ɗaukar roba biyu kullum.

Jikina ne ke biya. Ina tashi sahur, in ƙulla kaya har asuba, in fita shida da rabi, in dawo ana kiran magariba ko bayanta in cunkoso ya kama mu a hanyar Ogba. Bayan tarawihi in zauna lissafi. Ranar Alhamis na sa hannu a kan kwali 240 alhali 204 aka sauke. Barci ne ya juya min lambobin. Allah ya taimake ni yaron da ke taya ni ya gano kafin direba ya bar harabar. Duk da haka an ba ni takardar tuhuma, ta farko a shekara tara. Oga ya kira ni ya ce, "Ka ga, ni ban san abin da kake yi a gida ba, amma hankalinka ba ya nan." Ban yi musu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma amanar mutane ce a hannuna.

Asabar, 22 ga Maris

Gero ya karye. Yaron Dawanau ya kira ya ce buhun da na saya N70,000 yanzu ana ba da shi ƙasa da N60,000. Masu ajiya sun fito da kaya lokaci guda, wasu kuma suna danganta abin da sassaucin harajin shigo da hatsi da gwamnati ta sanar a Yulin bara. Ko ma mene ne, wani mai shago a bakin titin jirgi ya sauke farashin robarsa, dole na bi shi. Buhu ɗaya da rabi da suka rage da ƙyar za su mayar da uwar kuɗi. Ni da na saba jin komai hawa yake yi a ƙasar nan, ban taɓa kawowa a rai cewa saukar farashi ma na iya cin mutum ba.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. Ribar Maris N128,000 duk da asarar gero. Ta haura sharaɗi. Na kai wa Kawu gaisuwar Sallah ina ta murmushi, ya ce, "Watan azumi ko makaho ya kasa kaya zai sayar. Ka zo min da lissafin Afrilu."

Na mayar wa maman yara N100,000 daga cikin kuɗinta.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ruwa ya fara sauka, kuma damshin Legas ya shiga kayana. Ranar Laraba maman yara ta buɗe buhun kuka ta ga ta dunƙule, warinta ya sauya. Daddawa ta yi funfuna fari fat a sama. Kuɓewar ma ta yi laushi, ba ta karyewa ƙas kamar da. A Kano sai ka ajiye kuka shekara a buhu ba abin da zai same ta. Nan iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ga bangon falonmu yana tsattsafo daga ƙasa. Mun zubar da kaya na kusan N27,000. Wata ta ce in shanya daddawar in karkaɗe in sayar, ba wanda zai gane. Na ƙi. Matan nan a tukunyar yaransu za su zuba.

Sauran waken kuma na ga ƙwari sun fara huda shi. Na ƙi jinin zuba magani a abin da mutane za su ci gobe. Na nemo buhunan nan masu leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, guda huɗu, da manyan robobi masu murfi guda shida na kuka da daddawa. Duka N31,000. Daga yanzu kayan miya kaɗan kaɗan zan riƙa sayowa, na sati uku, ko da kuɗin mota zai ɗan ƙaru.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ribar Afrilu N63,000. Sharaɗi ya rushe, ƙirga ta koma farko.

Bashin da ke waje N46,500 ne, mutum bakwai, biyar a cikinsu muna sahu ɗaya a masallaci. Ɗaya in ya hango ni sai ya tsawaita nafila. Ban iya tambaya ba, kunya nake ji, maman yara ce ta karɓi aikin kuma ta fi ni iyawa.

Abin daɗi ɗaya: mai ƙosan nan ba ta daina ba bayan azumi, ta ma kawo min wasu biyu, da wata mai tuwo a cikin kasuwar Agege da ke son kuka da daddawa duk sati. Sai dai duk da safe suke son kaya, lokacin ina cikin danfo, motar haya, a hanyar zuwa aiki.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, na wuni da biro. Abin da ya sa ni zama shi ne autarmu ta kwana biyu a asibiti makon jiya, zazzaɓin cizon sauro da amai. Katin asibiti na kamfani ya ɗauke kusan komai. Da na leƙa takardar na ga abin da da zan biya daga aljihu, sai jikina ya yi sanyi. Ashe N110,000 da na sa a sharaɗi ba shi ne dukan abin da aikin ke ba ni ba. Akwai asibitin mu biyar. Akwai fansho, ana cire min kashi 8, kamfani na zuba kashi 10. Akwai hutun shekara da ake biya ina kwance. Akwai ma abin da ba ya rubutuwa: mai gidan haya yana yi min haƙuri ne don ya san ina da albashi.

Na kuma gano cewa wata huɗun nan albashi ne ke ciyar da gida, shi ya sa riba take komawa cikin jari. Ranar da na bari, daga buhu za mu ci.

Na binciki maganar fansho. Dokar 2014 ta yarda wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya nemi kashi 25 na abin da ke asusunsa. Ba zan sa shi a jarin farawa ba tunda sai bayan wata huɗu, amma sanin yana nan ya ɗan kwantar min da hankali. Akwai kuma tsarin inshorar lafiya na jihar Legas, Ilera Eko, zan je in ji nawa ne na iyali.

Yau dai ra'ayina ya karkata ga zama.

Asabar, 10 ga Mayu

An liƙa sanarwa a allo ranar Talata. Daga Yuni za a koma aikin kwana huɗu a sati, a rage albashi daidai da haka, kuma an sallami 'yan kwangila goma sha ɗaya. Sun ce dizal da wuta da dala. Ba su yi ƙarya ba, ni ke ganin abin da ke shiga sito da abin da ke fita, layi biyu cikin huɗu ne ke aiki tun bara. Tun da aka mayar da wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, N225 kowane yunit a Afrilun 2024 ake ƙorafi. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Cikin manyan kamfanonin waje, GSK ta sanar da tattara nata a 2023, P&G ta daina sarrafa kaya a nan, Kimberly-Clark ta rufe masana'antarta ta Ikorodu bara.

Nawa zai koma wajen N132,000. Cire mota da abinci na kwana huɗu, saura kusan N87,000. Reshen da nake tsoron saki in kama ganye, shi ma ga shi yana ƙara.

Wani dattijo a wurin aiki ya ba ni shawara in daure har a sallame ni, don in sami kuɗin sallama, wanda ya ajiye da kansa ba ya samu. Shawara ce mai kyau. Amma ƙa'idar rage ma'aikata ita ce na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, ni kuwa shekarata tara, kuma sito ba ya zama ba mai riƙe makulli. Zan iya shekara biyu ina jira a kan albashin da aka gutsure.

Lahadi, 18 ga Mayu

Neman shago. Na farko a bakin titi N600,000 a shekara, mai shi yana son shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin yarjejeniya da na kamasho. Na ce masa dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ya dube ni ya ce to in je doka ta ba ni shago.

Kawu ne ya warware. Wani abokinsa mai sayar da shinkafa da manja a cikin kasuwa zai ba ni rabin shagonsa, N20,000 a wata, in biya wata shida. Ƙasa siminti ce busasshiya, akwai silin. Kayanmu ba sa karo, mai sayen shinkafa ma shi ne mai sayen wake. Na biya N120,000, na ba kafinta N35,000 na kanta da katakon ɗora buhu.

Da daddare na zauna da maman yara na karanta mata komai, har da layin asibiti. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, sharaɗinka bai cika ba." Na ce na sani. Ta ce, "To ka faɗa da bakinka cewa ka karya shi, kada gobe ka ce lissafi ne ya ce ka tafi." Na faɗa. Ta ce sai a ware kuɗin hayar gida na Oktoba tun yanzu a wurinta, ko kasuwa za ta ƙone ba a taɓawa. Abin da muka tara na haya N260,000 ne, saura N190,000.

Na yi istihara kwana uku.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ribar Mayu N91,000, fiye da rabi daga matan nan huɗu masu saye kullum. Ƙanen maman yara ne ke kai musu da safe, ina ba shi N1,000 a rana. Bashin waje ya sauko N19,000.

Yau bayan masallaci na miƙa takardar ajiye aiki. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara biyar notis ɗin wata ɗaya zai bayar, don haka 30 ga Yuni ce ranata ta ƙarshe. Oga ya karanta sau biyu, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba, amma na yanke. Ya ce in koya wa yaron nan littafin sito kafin in tafi, kuma in akwai jan wake mai kyau in kawo wa madam roba biyu. Hannuna na rawa lokacin da nake mayar da hular biro.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Bana ba mu yi layya ba, kuɗin ragon ya tafi shago. Kawu ya aiko mana da cinya.

Jari yanzu, kaya da kuɗi, N538,000, a ciki akwai N120,000 na maman yara. Daga Yuli zan yanka wa kaina N80,000 a wata, ba ƙari ko ciniki ya yi kyau. Litinin zan tura a sayo jan wake buhu biyu, fari ɗaya, gero ɗaya kawai. Rajistar sunan kasuwa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai Agusta. Maganar inshorar lafiya kuwa ranar Juma'ar da ba aiki zan je, don katin kamfani zai daina aiki ƙarshen wata, kuma damina ce, sauro ya yi yawa.